Dau: Jirgin Katako Mai Filafilai na Tekun Indiya

Dau suna ne na gama-gari da ake kiran dangin jiragen ruwa na katako waɗanda iska ke turawa a yammacin Tekun Indiya. Ana sassaƙa su a gaɓar Tekun Fasha, da Bahar Maliya, da kudancin ƙasar Larabawa, da gaɓar Afirka ta gabas tun daga Somaliya har arewacin Mozambik, da kuma yammacin Indiya. Alamar da aka fi gane su da ita ita ce filafilai, wato babban ƙyallen da ke kama iska, mai kusan kusurwa uku, rataye a jikin doguwar sanda da ta karkace, kanta ɗaya a ƙasa wajen goshin jirgi, ɗayan can sama. Amma masu sana'ar da ƙirar gangar jirgi suke bambance jirage, kuma kowace ƙira da sunanta: bum, bagala, ganja, sambuk, jalibut, badan, jahazi. Baƙi ne, musamman Turawa, suka tattara su duka ƙarƙashin suna ɗaya.

Shekaru aru-aru waɗannan jirage ne suka riƙe fataucin da ya haɗa Basara da Zanzibar, Maskat da Kalikut, Sawakin da Jidda. Babban abin lura a tarihinsu shi ne ba a zana su a takarda kafin a gina. Ƙirar tana idon babban masassaƙi da hannunsa, daga gare shi take wucewa zuwa ɗansa ko yaron da ya koyar. Wannan ne ya sa kowane jirgi ya dace da ruwan da yake bi, shi ne kuma ya sa adana su a yau yake da wuya.

Iska da fatauci

Iskar Tekun Indiya tana juyawa sau biyu a shekara. Daga wajen Nuwamba zuwa Maris tana kaɗawa daga arewa maso gabas, a natse, ba hadari sosai. Sawahilawa suna kiranta kaskazi. Daga Afrilu zuwa Satumba sai ta juyo daga kudu maso yamma da ƙarfi da ruwan sama. Wannan ita ce kusi. Jirgin da ya tashi daga ƙasar Larabawa zuwa Afirka ta gabas da ta farko yake tafiya, ya komo da ta biyu, amma a farkonta kafin ta tsananta, ko a ƙarshenta bayan ta lafa. A tsakiyarta, wajen Yuni da Yuli, tashoshin yammacin Indiya ba su shiguwa. Saboda haka babban jirgi tafiya ɗaya yake yi a shekara, ma'aikatansa kuma sukan yi watanni a baƙon gari suna jiran iska. A wannan zaman jira aka yi auratayya, aka gina masallatai, harsuna suka cuɗanya, tun daga Lamu har gaɓar Malabar.

Jiragen Kuwait, waɗanda aka fi rubuta labarinsu, sukan fara da lodin dabino a bakin kogin Shaɗɗul Arab kusa da Basara bayan an yi girbi, har ma da yawan ƙunshin dabinon da jirgi ke ɗauka ake faɗin girmansa. Daga nan wasu su nufi Indiya su komo da katako da shinkafa da igiya da kayan yaji. Wasu su bi gaɓar Hadramaut zuwa Adan, su ɗauki gishiri da busasshen kifi da fasinjoji, su gangara Mogadishu da Mombasa da Zanzibar. Kayan dawowa mafi yawa sanduna ne na itatuwan da ke tsirowa cikin ruwan gishiri a bakin kogin Rufiji da tsibiran Lamu, waɗanda Sawahilawa ke kira boriti. Da su ake rufin ɗakuna a lokacin a garuruwan Tekun Fasha inda babu itace, kuma tsawonsu ne ke yanke faɗin ɗaki, kamar yadda azara take yi a ginin soro.

Wani matuƙi ɗan Ostareliya, Alan Villiers, ya shiga wani bum na Kuwait a Adan a ƙarshen 1938, ya bi shi har Zanzibar da Rufiji, ya komo da shi Kuwait a 1939. Littafinsa Sons of Sinbad, wanda ya fito a 1940, da hotunan da ya ɗauka, suna cikin shaida mafi inganci a kan yadda ake tafiyar da babban dau ba tare da inji ba, domin 'yan shekaru kaɗan bayan haka wannan rayuwa ta fara watsewa.

Ire-irensa

Gindin jirgi ne ya raba dangin gida biyu. Akwai masu tsini gaba da baya, waɗanda su ne tsohuwar ƙira, akwai kuma masu faffaɗan gindi a yanke, waɗanda masana da yawa ke ganin tasirin jiragen Turawan Fotugal a jikinsu bayan shigowarsu tekun a 1498.

Bum na gida na farko ne. Ana gane shi da miƙaƙƙen katakon goshi da ya tasa gaba a karkace kamar an nuna da yatsa, an shafe bakinsa da baƙi da fari. Bagala kuwa ita ce sarauniyar gida na biyu: gindinta mai tsawo ne, an yi masa sassaƙen ado da tagogi biyar, tana ɗaukar tan ɗaruruwa. Ganja 'yar'uwarta ce da aka fi sani da garin Sur na Oman. A farkon ƙarni na 20 bum ya ture bagala a Kuwait, kuma dalilin a fili yake: ya fi sauƙin gini, ya fi araha, kuma tsinin gindinsa yana raba igiyar ruwan da ta biyo shi ta baya, inda faffaɗan gindin bagala ke shan duka. Sambuk, mai lanƙwasasshen goshi, shi ne jirgin Bahar Maliya da gaɓar Yaman. Shi da jalibut mai goshi a tsaye su ne kuma jiragen masu nutson lu'ulu'u a Bahrain da Ƙatar da Dubai. A Afirka ta gabas jahazi ne babban jirgin kaya, mashua ƙaraminsa.

Zamanin ɗinki

Kafin ƙusa ta zama ruwan dare, ɗinka waɗannan jirage ake yi. Akan jera falankai baki da baki, a huda ramuka a gefen kowanne, a shimfiɗa dunƙulen zaren ɓawon kwakwa a kan mahaɗar ta ciki, sa'an nan a ɗinke da igiyar kwakwa ana gicciya ta, mutum ɗaya a ciki ɗaya a waje, ana ja ana bugawa da guduma har ta kama gam. Daga baya a toshe ramukan, a shayar da ɗinkin da mai. Wani littafin jagorar fatake da aka rubuta da Girkanci a ƙarni na 1 Miladiyya ya riga ya ambaci ɗinkakkun jirage a gaɓar Afirka ta gabas. Ibn Jubair, matafiyin Andalus, ya ƙetare Bahar Maliya daga Aizab zuwa Jidda a 1183 cikin irin wannan jirgi da ake kira jalba, ya bayyana igiyar kwakwar da man da ake shafa masa, ya kuma koka da yadda masu jiragen ke cusa alhazai fiye da ƙima don kwaɗayin kuɗi. Marco Polo ya ga irinsu a Hurmuz a ƙarshen ƙarni na 13, ya raina su ƙwarai. Akwai kuma zanen wani ɗinkakken jirgi a kwafin Maƙamatul Hariri da al-Wasiɗi ya ƙawata a 1237, wanda ke ajiye a birnin Faris. Ana ganin ɗinkin ɓaro-ɓaro a jikin falankan.

Mutanen da can sun ba da dalili na almara na guje wa ƙusa, cewa akwai dutsen maganaɗisu a teku da ke zare ƙusoshin jirgi, labarin da masu karanta Dare Dubu da Ɗaya suka sani. Ibn Baɗɗuɗa ya kawo dalilin da ya fi kama hankali: tekun cike yake da duwatsun murjani, jirgin ƙusa in ya bugi dutse sai ya tsage, ɗinkakke kuwa yakan ɗan saki ya jure. A ƙara da cewa ƙarfe yana da tsada a gaɓar da ba ta da gawayin narka shi, yana kuma saurin tsatsa a ruwan ɗumi mai gishiri, kwakwa kuwa tana nan jibge a tsibiran Maldib da Lakadib. Raunin ɗinki shi ne yoyo da yawan kulawa: kullum ana kwarfar ruwa, ana shafa mai, bayan 'yan shekaru a warware a sake ɗinkawa. Raina shi da Marco Polo ya yi bai yi adalci ba, domin a 1998 masu nutso suka gano wani ɗinkakken jirgi mai tsawon kusan mita 18 a ƙarƙashin ruwa kusa da tsibirin Belitung na Indunusiya, ɗauke da kaya kimanin 60,000, yawancinsu tangaran na ƙasar Sin. Wani kwano a ciki yana da kwanan watan da ya yi daidai da shekarar 826. Wato tun ƙarni na 9 irin wannan jirgi yana zuwa Sin ya yi lodi.

Ƙusa ta mamaye manyan jirage daga ƙarni na 16 zuwa gaba, amma ɗinki bai mutu nan take ba. Mtepe na tsibiran Lamu, mai filafilan tabarma, ya kai shekarun 1930, kuma masuntan Zufar a kudancin Oman sun ci gaba da ɗinka ƙananan jiragensu har wajen ƙarshen ƙarni na 20.

Yadda ake sassaƙa shi

Wurin aikin fili ne a bakin ruwa, sau da yawa da 'yar rumfa kawai. Shugaban aiki shi ne ustaz, masassaƙan da ke ƙarƙashinsa kuma a Tekun Fasha ana kiran kowannensu ƙallaf. Mai jirgi da ustaz sukan daidaita a kan tsawon ƙashin bayan jirgi, da kamu ake aunawa, da kuma nauyin da ake so ya ɗauka. Daga wannan awo guda ustaz yake fitar da sauran: faɗi, zurfi, tsawon jigo. Ranar da aka kwantar da ƙashin baya akan yanka dabba a yi addu'a.

Itacen da aka fi so shi ne tik na dazuzzukan Malabar, wanda Larabawa ke kira saj, saboda yana da maiƙo a jikinsa, ba ya saurin ruɓa, kuma ba ya cin ƙarfe kamar wasu itatuwa. Ƙasar Larabawa ba ta da dogon itace, don haka kusan duk babban jirgin Kuwait ko Sur da katakon Indiya aka yi shi, wanda wani jirgin ya ɗauko. Wasu attajirai kuma sukan aika a gina musu can Indiya, a Beypore kusa da Kalikut, inda ake gangaro da gungumen tik ta kogin Chaliyar daga dajin Nilambur, ko a Mandvi ta Gujarat. Haƙarƙarin jirgi ba a yanko shi daga miƙaƙƙen katako. Rassa ake nema waɗanda Allah ya halitta a lanƙwashe, domin jijiyar itacen ta bi lanƙwasar, kada ya karye. A Oman kurna da bagaruwa suna cikin itatuwan gida da ake yi da su. Ustaz yakan daɗe yana zagaya tarin rassa yana juya su da ƙafa kafin ya ga wanda ya dace da gurbin da ke ransa.

Tsarin ginin ya saɓa wa na Turai na baya-bayan nan, inda ake fara kafa haƙarƙari bisa zane sannan a lulluɓe da falankai. A nan fata ce ke riga ƙashi. Bayan ƙashin baya akan kafa katakon goshi da na gindi, ustaz ya daidaita karkatarsu da wani ɗan ma'aunin kusurwa mai zare da dalma. Sa'an nan a ɗora falankan farko, waɗanda su ne mafi wuya, domin dole su murɗe daga kusan tsaye a goshi zuwa kusan kwance a tsakiya. Da mai da wuta da nauyi ake lallashinsu har su karɓi murɗar. Ana ci gaba da jera falankai ana riƙe su da katakan wucin gadi ta waje, har cikin jirgin ya fito. Sai a lokacin ake sassaƙa haƙarƙari ɗaya bayan ɗaya a zaunar da shi a ciki. Ma'anar wannan ita ce siffar jirgin tana fitowa ne a hankali a gaban idon ustaz, yana tsugunawa daga nesa yana hange, yana cewa a rage nan a ƙara can. Jirage biyu daga hannu ɗaya ba sa zama daidai sak, amma wanda ya san sana'ar yakan ga jirgi a tasha ya faɗi garin da aka yi shi, wani lokaci har wanda ya yi shi.

Kayan aikin kaɗan ne: gizago, zarto, kurfi, guduma, zaren awo, da mahudi mai baka wanda ake murza shi da tsirkiya. Gizago ne uban tafiya, kuma ƙwararre yakan fere falanki da shi ya yi sumul har ba a bukatar goge shi. Ƙusoshin maƙera ne ke ƙera su, dogaye masu faɗin kai. Sai an huda rami tukuna, a naɗe wuyan ƙusa da auduga mai mai, a buga ta daga waje ta ratsa falanki da haƙarƙari, a lanƙwashe bakinta ta ciki. Tsakanin falankai ana cusa zaren auduga da aka jiƙa da mai, da kurfi da guduma, aikin da ƙararsa ke cika bakin ruwa kwana da kwanaki.

Babban abokin gaban katako a ruwan ɗumi wata halitta ce mai kama da tsutsa, dangin kawa, wadda ke huda itace ta ci shi ta ciki ta bar fatar waje lafiya lau. Maganinta shi ne a kwaɓa farar ƙasar da aka ƙona daga murjani ko ƙwanson teku da kitsen dabba, a shafe duk inda ruwa ke taɓawa da tafin hannu. Shi ya sa ƙasan dau yake fari. Shafin ba ya daɗewa. Bayan 'yan watanni sai an jawo jirgin gaɓa, a jira ruwa ya janye, a kankare a sake. Saman jirgi kuma da man hantar kifin shak ake shafe shi, wanda ke ba shi launin ja mai duhu da warin da ba a mantawa.

Filafilai da tuƙi

Babban dau yana da jigo biyu, babba a tsakiya wanda ya sunkuya gaba, da ƙarami a baya. Sandar filafilai takan kusan kai tsawon jirgin kansa, don haka itace biyu ko uku ake haɗawa a ɗaure. Ƙyallen na auduga ne, ma'aikatan jirgi ne ke ɗinka shi da kansu a kan yashi. Ba cikakkiyar kusurwa uku ba ce, domin an ɗan yanke bakinta na gaba. Tana jan jirgi da kyau in iska ta zo ta gefe ko ta baya, kuma ta fi filafilai mai kusurwa huɗu iya tunkarar iska.

Tana da wahalarta. Ba a naɗe wani sashe nata in iska ta yi yawa. Sai dai a sauke sandar gaba ɗaya a cire babbar a ɗaura ƙarama, shi ya sa jirgi ke tafiya da filafilai biyu ko uku masu girma dabam-dabam. In za a sauya gefe kuma, ba a juya goshi cikin iska, sai a ba ta baya, a miƙar da wannan sanda mai nauyi tsaye, a zagayo da ita ta gaban jigo zuwa ɗaya gefen. Sunkuyawar jigo don wannan aiki aka yi ta. Duk da ƙarfin damtse ake yi, don haka babban bum yakan ɗauki mutum ashirin, talatin ko fiye, har da mawaƙi, nahham, wanda muryarsa ke haɗa hannuwa wajen ja. Shugaban jirgi shi ne nahuda. Ba albashi ake biya ba, ribar tafiya ake rabawa kashi-kashi, kuma ƙaramin ma'aikaci sau da yawa da bashi yake ƙare shekara, ya shiga ta gaba don ya biya.

Akwai saɓani a kan lokacin da wannan filafilai ta shigo Tekun Indiya. An daɗe ana ɗauka Larabawa ne suka kai ta Bahar Rum, amma an same ta a can tun zamanin Rumawa, kuma tsofaffin zane-zane na Tekun Indiya sun fi nuna mai kusurwa huɗu. A ɓangaren sanin hanya kuwa babu shakka a kan gwanintarsu. Mu'allim, wato masanin hanya, yana auna tsayin tauraron arewa daga sararin ruwa da wani ɗan allo mai zare da ƙulle-ƙulle, kamal, yana lissafi da yatsu. Ahmad ibn Majid na Julfar, a ƙasar Ra'asul Khaima ta yau, ya tattara wannan ilmi a Kitabul Fawa'id wajen 1490. Zancen da ake yawan yi cewa shi ya nuna wa Vasco da Gama hanyar Indiya, yawancin masana tarihi sun yi watsi da shi.

Alhazai da bayi

Ta Bahar Maliya ne dau ya shiga tarihin Hausawa. Alhazan da suka bi hanyar ƙasa ta Barno da Wadai da Darfur da Kurdufan, waɗanda ake kira Takari a Sudan da Hijaz, sukan yi shekaru suna tafiya suna aikin ƙodago kafin su ga teku a Sawakin ko Masawa. Ko bayan da jiragen tururi suka fara jigila, talakawa da yawa sambuk suke shiga, wasu a ɓoye cikin dare don kauce wa kuɗin fasfo da killacewar lafiya, a sauke su a ƙananan tashoshi kudu da Jidda su ƙarasa da ƙafa. Ƙetarawar ba ta da nisa, amma ƙishirwa da cunkoso da duwatsun murjani sun ci rayuka, wasu kuma an yaudare su an sayar.

Wannan ya kai ga abin da ba a tsallakewa a tarihin dau. A ƙarni na 19 shi ne ya kwashi bayi daga Kilwa da Zanzibar zuwa ƙasar Larabawa da Tekun Fasha, a cushe a ƙarƙashin bene. Yarjejeniyar 1873 tsakanin Birtaniya da Sarkin Zanzibar Barghash ta rufe kasuwar bayi ta garin, amma fasa-ƙwauri ya ci gaba shekaru da dama bayan haka.

Ja baya

Jiragen tururi ba su kashe dau ba, domin shi yana shiga ƙananan tashoshi marasa zurfi, kuma iska kyauta ce. Abubuwa ne suka taru. Lu'ulu'un da Japan ta fara nomawa da karayar tattalin arzikin duniya suka rusa nutso a shekarun 1930. Kuwait ta fara fitar da man fetur a 1946, ma'aikatan jirgi suka sami albashi a tudu, siminti da ƙarfe suka maye gurbin boriti. Juyin juya halin Zanzibar na 1964 ya yanke tsohuwar alaƙa da Oman na wani lokaci, Kenya kuma ta hana fitar da sandunan boriti a 1982. Gangar jirgin ta tsira ta hanyar karɓar injin dizal: aka faɗaɗa gindi, aka gina ɗakin matuƙi, aka gajarta jigo ko aka cire shi. Irin waɗannan ne ke cike bakin ruwan Dubai a yau suna kai kaya Iran da Somaliya da Yaman. A ƙananan jirage kuma faiba ta ture katako kusan ko'ina.

Gyara da farfaɗowa

Dau ba a yi shi don ya zauna ba. Yana aiki ne ake kula da shi, a sauya falanki nan, a sake ƙusa can, har ya kai shekara hamsin ko fiye. Da zarar an daina, lalacewa takan zo ta hanyoyi da yawa lokaci guda. Ƙusa ta yi tsatsa ta kumbura, ta ɓata itacen da ke kewaye da ita. In an bar shi a ruwa tsutsa ta ci shi. In an ɗora shi a tudu rana ta busar da falankai su tsuke, mahaɗai su buɗe, gara ta shiga, nauyinsa kuma ya lotsa shi tun da babu ruwan da zai tallafe shi. Mai gyara yana fuskantar tambayar da ba ta da amsa guda: nawa ne na tsohon katako za a bari? In an bari da yawa jirgin ba zai sake shiga teku ba, in an sauya da yawa shaidar hannun wanda ya gina shi ta tafi. Tun da babu zane, sai an fara auna gangar tsaf an rubuta kafin a zare ko da ƙusa ɗaya, domin falankin da aka cire ba tare da awo ba ya tafi da siffarsa.

Kuwait ta ga wannan da idonta. Bum ɗin da ta adana a harabar gidan tarihinta, Al-Muhallab, an ƙone shi a lokacin mamayar Iraƙi ta 1990 zuwa 1991. A 1994 masanin tarihin teku Ya'aƙub al-Hijji ya gano wani bum, Fathul Khair, wanda aka gina a Kuwait a 1938 aka sayar wa mutanen Iran a farkon shekarun 1950, yana nan da ransa a gaɓar Iran. Aka sayo shi, aka yi kusan shekara biyu ana gyara, yanzu yana tsaye a Cibiyar Kimiyya ta Kuwait a matsayin babban jirgin fatauci ɗaya tilo da ya rage daga zamanin kafin fetur. Mutanen Sur ma sun dawo da wata ganja mai irin wannan suna daga Yaman a 1993, suka kafa ta a tudu a garinsu.

Hanya ta biyu ita ce sake ginawa daga shaida. A 1980 Tim Severin, da tallafin Sarkin Oman Ƙabus, ya sa aka ɗinka jirgi mai suna Sohar a Sur, da masu ɗinki daga tsibiran Lakadib, ya tashi daga Maskat a Nuwamba ya isa Kanton ta Sin a Yulin 1981. Tafiyar ta tabbatar da ƙarfin ɗinki, amma siffar jirgin ta bum ce ta baya-bayan nan, domin a lokacin babu tsohon jirgin da za a duba. Jirgin Belitung ya cike wannan giɓi. A ƙauyen Ƙantab kusa da Maskat, ƙarƙashin kulawar masanin tsofaffin jirage Tom Vosmer, aka gina Jauharar Maskat bisa awon abin da aka tono, ba ƙusa ko ɗaya, da filafilai masu kusurwa huɗu. Binciken katakon Belitung ya nuna akwai kawo a cikinsa, itacen nan na dazuzzukan Afirka, saboda haka daga Ghana aka kawo katakon da aka yi falankan sabon jirgin. Ya tashi ranar 16 ga Fabrairu 2010 da nahuda Saleh al-Jabri, ya tsaya a Kochin da Galle da Penang da Port Klang, ya isa Singafo ranar 3 ga Yuli, aka miƙa shi kyauta ga ƙasar. Ribar wannan aiki ta wuce jirgin kansa: ya tara tsofaffin masu ɗinki daga Indiya da samarin Oman a rumfa ɗaya, kuma an rubuta kowane mataki. Kayan Belitung kuwa, waɗanda Singafo ta saya a 2005, sun jawo gardama, domin kamfanin kasuwanci ne ya tono su cikin gaggawa, abin da ya sa aka fasa baje kolinsu a Amurka a 2011.

Abin da gidan tarihi ba ya iya ajiyewa shi ne hannu. A 2011 hukumar UNESCO ta sa fasahar gini da tuƙin lanj, babban jirgin katako na gaɓar Iran, cikin jerin al'adun da ke bukatar ceton gaggawa, saboda masu ita sun tsufa kuma wuraren aikinsu sun koma gyaran jiragen faiba. Tsohon tik ya yi ƙaranci tun da Indiya ta tsaurara dokar sare daji, har Beypore da Mandvi suna shigo da katako daga Maleshiya, kuma yawancin abin da Beypore ke ginawa yanzu jiragen shaƙatawa ne na attajiran Tekun Fasha, da zarton lantarki a gefen gizago. A Dubai tseren Al-Gaffal, wanda aka fara a 1991 daga tsibirin Sir Bu Nu'air don tunawa da komowar masu nutso gida, yana sa a gina sababbin jirage masu ƙafa 60 a kuma koya wa samari juya sanda, ko da yake jiragen tsere ne marasa nauyi waɗanda ba za su ɗauki buhu ɗaya na dabino zuwa Mombasa ba.

Inda filafilai ke cin abinci har yanzu shi ne Afirka ta gabas. Jahazi na kai gawayi da siminti da sandunan gini tsakanin Zanzibar da Bagamoyo da Darussalam, a Nungwi ta Zanzibar da Matondoni ta Lamu kuma ana ci gaba da sassaƙa sababbi da ido. A can fundi, wato masassaƙi, yakan jira ruwa ya janye, ya ɓare ruɓaɓɓen falanki daga jirgin da ya girme shi, ya fere sabo a gurbinsa, ya cusa auduga, ya shafe, kafin ruwa ya dawo.